Ranar da Allo Ya Ce Tamanin

Abu Hail, Dubai
Laraba, bayan sallar Azahar

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa gare ki, 'yar nan,

Ina gaishe ki gaisuwar da bakina bai taɓa iyawa ba. Allah ya kai ki Abu Dhabi lafiya, ya sa ki shiga jami'ar nan da ƙafar dama, ya tsare ki daga sharrin hanya, da sharrin mutum, da sharrin zuciya.

Za ki yi mamakin uwar da take rubuta wa 'yarta wasiƙa alhali bango ɗaya ne tsakaninsu. Yanzu haka ina jin ki kina fama da zif ɗin akwati. To kin san halina, hannuna ya fi bakina ƙarfin hali. Ki karanta kafin Asabar, kada ki bari sai kin sauka, domin akwai abin da nake so ki yi a kan hanya. Shekara biyu da rabi ke nan ba ki yi hira da Abbanki kamar da ba, kuma ni na jawo. Ba na so ki bar gidan nan a haka.

Kuskurena na farko kunya ce. Ke ce 'yar fari, kuma Allah bai ba mu wani ba bayanki. A gidanmu a Kano uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Innata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan yayana ba. Amma a can akwai kaka, akwai gwaggo, in uwa ta kau da kai hannaye goma za su ɗauki yaro. Ni kuwa na kinkimo al'adar na kawo ta filat mai ɗaki biyu, inda maƙwabtanmu 'yan Kerala ne da 'yan Filifin. Kunyar wa nake ji a nan? Firij? Shekara goma sha takwas ina ce miki "ke" da "'yar nan". Don haka in za ki ɗauki al'ada zuwa wata ƙasa, ki fara dubawa ko kin taho da mutanen da suke riƙe mata ɗaya gefen.

Abbanki shi ko a jikinsa. Yana kiran sunanki sau ɗari a yini, har da waƙe shi yake yi. Kullum ƙarfe shida na safe sai ku sauka tare, zai ajiye ki a makaranta wajen Jabal Ali, ya wuce aikinsa na kula da allunan lantarkin nan na babban titin Abu Dhabi. Ni kuma in tsaya a taga, hawa na uku, in ga kin buɗe ƙofar gaba kin shige, kina dariya tun kafin ya tada mota.

Kujerar nan tawa ce a da. Na taso ina ɓoye littattafan soyayya a cikin littafin lissafi, kuma da Allah ya ba ni miji mai mota a garin fitilu, na ɗauka littafin ne ya buɗe na shiga. Farkon zuwanmu yakan zaga da ni bakin ruwa, hannunsa ɗaya a sitiyari, ɗaya a kan nawa. Sai ga shi na koma mai kallo ta taga.

Duk mutanen Dubai suna tsine wa cunkoson safe, ni ma ina tsine masa, amma dalilina daban ne. In na ji a rediyo an ce hanya ta cushe, sai in ce a raina, shi ke nan, an ƙara musu rabin awa. Ina wanke kofunan shayi ina ƙiyasta abin da kuke faɗa. Kishi biyu ne a cikina lokaci guda, kuma ban san wanne ya fi ciwo ba: ina kishinki saboda kin samu safiyarsa, ina kishinsa saboda ya samu sunanki.

Kina tuna ranar mazurari? Muna cin abinci kika ce, "Abba, wai me ya sa kuke rage wa mutane gudu in hanya ta cika? Ai ƙara cunkoson kuke yi."

Ya tashi ya shiga kicin ɗina, ya ɗauko mazurarin da nake ɗura manja, da kwalba, da kofin shinkafa. Ya juye kofin gaba ɗaya, mazurarin ya toshe, ko ƙwaya ba ta sauka. Ya zazzage, ya sake zubawa a hankali, sai ga shinkafa tana zuba shar-shar har ta ƙare.

Ya ce, "Kin gani? In kowa ya rugo da ɗari da ashirin, duk a wuyan kwalba za a haɗu a tsaya cik. In allo ya sauke kowa zuwa tamanin tun daga nesa, sai a yi ta wucewa ba mai taka birki. Allon yana ganin abin da direba bai gani ba."

Kika tafa hannu kika ce, "Ashe Abba mai gadin shinkafa ne!"

Kuka yi ta dariya har da ƙwalla. Me na ce? Na ce, "Shinkafar tawa ce abin wasanku?" Na ƙwace kofin. Wallahi ba shinkafar ce ta dame ni ba, so nake a ce ni na yi tambayar. 'Yar nan, in kika ga mutane suna dariya kuma kina so ki shiga, ki jawo kujera ki zauna. Kada ki ƙwace kofin.

Mutum ɗaya na taɓa faɗa wa, Hajiya Binta, ƙawata 'yar kasuwar Kwari da take sauka a Al Ras in ta zo sarin abaya. Na same ta a masaukinta tana zaune a kan dila tana ɗaure kaya, na zayyane mata komai. Ta saki igiyar ta riƙe haɓa.

"Sa'adatu! Kishi da 'yar cikinki? Ke dai Allah ya shirye ki. Mata suna kuka miji ba ya kula 'ya'ya, ke kina kuka naki yana kulawa?"

Na ce, "Hajiya, ba za ki gane ba."

"Na gane sarai. Littattafan nan ne suka cinye miki ƙwaƙwalwa. Yalla, ki shiga motar mana ki zauna a baya, wa ya hana ki?"

"A baya?"

"Au, gaban kike so? To khalas, je ki koyi tuƙi, gaban gaba ma sai ki zauna."

Wasa take yi, ni kuwa na ɗauka da gaske. Wannan shi ne kuskurena na biyu: na koyi abu mai kyau da mugun dalili. Sau uku ina faɗuwa jarrabawar tuƙi, a na huɗu na samu lasin. Abbanki ya yi murna har ya sayo kek, bai san gasa na shiga da shi ba. Na karɓi kai ki makaranta ran Litinin da Laraba, kuma na ɗaura niyyar sai na riga shi isa. Ina tsalle daga wannan layi zuwa wancan, ina manne wa motar gaba, ina taka birki ina sake taka totur. Ran da na isa da minti huɗu kafin lokacinsa, na juyo in ga kin yaba. Sai na ga kin ƙanƙame bel da hannu biyu, leɓenki ya bushe. Kika ce, "Na gode, Umma," kika fita. Ko hira ɗaya ba mu taɓa yi a motar ba. Ina zan samu bakin hira, ina fama da madubi?

Yanzu ke ma kina da lasin, kuma wata rana za ki riƙa bin titin nan ke kaɗai duk ƙarshen mako. To ki ji daga bakin wadda ta gwada. Ki zaɓi layinki ki zauna a kai. Ki bar fili tsakaninki da na gaba, ko da wani zai shige ciki, ki bar shi ya shige, ba gadonki ya ci ba. Birkin da kika taka ba dalili, wata mota can baya da ba ki taɓa gani ba ita za ta tsaya saboda shi. Kuma ki tuna a nan Dubai mun saba ana ɗaga mana ƙafa da ashirin a kan abin da aka rubuta, amma da zarar kin tsallaka iyakar Abu Dhabi babu wannan rangwamen. Abin da allo ya ce, shi ne.

Na zo kan abin da nake ta kewaye.

Waccan Asabar ta lokacin sanyi, shekara biyu da rabi da suka wuce, da za ki je gasar muhawara a Abu Dhabi, Abbanki ne zai kai ki. Kwana ukun ƙarshe tare kuke shiri, yana zama alƙali kina tsayawa a gaban talabijin kina jawabi. Na ce ni zan kai ki. Ya dube ni ya ce, "Sa'a, an ce za a tashi da dabab gobe." Kin san dabab, hazon tekun nan fari mai laima da yake rufe hanya da sassafe. Na ce, "Wato ni ban iya ba ke nan?" Sai ya miƙo min makulli ya ce, "In allo ya ce tamanin, tamanin ne. Don Allah."

Mun wuce Jabal Ali lafiya. Muna tsallaka iyaka hazon ya sauko kamar an juye mana nono a gilashi. Allon farko ya fito daga cikin farin nan yana walƙiya, kika ce, "Umma, tamanin." Da irin muryarsa kika faɗa, har da yadda yake jan ƙarshen kalmar. Na ce a raina, ko a nan ma shi ne a tsakaninmu? Ban ɗaga ƙafata ba.

Allo na biyu kika sake cewa, "Umma, don Allah, tamanin."

Na ce, "Na ga alama ke da ubanki kun ɗauka ni makauniya ce."

Ban rufe baki ba jajayen fitilu suka bayyana a gabana. Akori-kura ce ɗauke da katan-katan, tana bin abin da allo ya ce, kamar kowa. Na taka birki da duk ƙarfina, motar ta ja, muka daki bayanta. Kanki ya bugi gefen ƙofa. Da na ga jini yana bin girarki na ƙwala ihu na kira sunanki. Sau ɗaya ke nan a rayuwata. Ban sani ba ko kin ji.

Allah ya taƙaita, ɗinki huɗu ne. Direban akori-kurar, wani dattijo ɗan Pakistan, bai ji ciwo ba, shi ya ma ba ni ruwa yana lallashina da Larabci, wai in bi a hankali: "Shwaiya, shwaiya, mama." Aka ba ni jar takarda ta mai laifi. Muhawarar da kika yi wata guda kina shiryawa ta wuce ba ke. Ki kiyaye wannan: duk ran da kika ji ranki ya ɓaci kina riƙe da sitiyari, ki nemi gidan mai ki tsaya ki sha ruwa. Mai fushi ba ya karanta allo.

Da abin ya tsaya nan, da da sauƙi. Amma Abbanki ya iso asibiti a guje, takalminsa ma ba iri ɗaya ba, ya tambaye ni yadda aka yi. Na buɗe baki na ce, "Allon naku ne bai canza ba. Bai nuna komai ba." Na ɗora laifina a kan aikinsa, a kan abin da yake tashi da asuba dominsa. Ya juya gare ki, ya kira sunanki a hankali, ya ce, "Me kika gani?"

Kika dube ni. Ba zan manta kallon nan ba har kabarina. Kika ce, "Barci nake yi, Abba."

Ƙaryarki ta farko ke nan gare shi, kuma saboda ni kika yi ta.

Daga ranar komai ya canza. Kika koma kujerar baya da abin sauraro a kunne. Bayan wata biyu kika ce motar makaranta kike so. Na daina ganin dariya ta taga. Kuma bari in faɗa miki abin da ya fi komai muni: a makon farko na ji daɗi. Na ce a raina yanzu ni da shi mun zama ɗaya, ba wanda ya fi wani. Sai daga baya na gane kujerar ba ta dawo gare ni ba, wofi kawai ta zama. Jakar kwamfutarsa yake ajiyewa a kai. Aka zo shekarar kullen korona, mu uku a ɗaki biyu wata da watanni, kuna wuce juna kamar baƙi a tashar jirgi, "Sannu Abba," "Yauwa sannu." Ni na san dalili, na yi shiru. In kin yi kuskure, 'yar nan, ki faɗe shi da zafinsa. Ƙarya ba ta tsayawa inda aka ajiye ta, sai ta nemi wanda zai goya ta, kuma yawanci wanda ya fi son ka shi yake goyawa.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan La'asar, na ce ya kai ni Port Saeed in sha iska. Ya yi mamaki, amma ya ɗauki makulli. Muka zauna bakin ruwa da kofunan shayin karak, muna kallon ana loda firij da tayoyi a jiragen katako. Shayina ya huce a hannuna kafin na iya magana.

Na ce, "Injiniya, allon nan ya nuna tamanin. Sau biyu. Na gani, ita ma ta faɗa min. Ƙarya na yi maka."

Bai ko juyo ba. Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Sau uku ne. Akwai wanda kika wuce ba ki lura ba."

Na ce, "Me ka ce?"

"Sa'a, kowane allo yana rubuta abin da ya nuna, minti bayan minti. Washegari da safe na duba. Aikina ke nan fa."

"Shekara biyu da rabi ka sani? Ka bar ni ina ta..."

"Jira nake ki iso da kanki. Mai gadin shinkafa ba ya tura mota, hanya kawai yake buɗewa."

Kin san abin da ya fara zuwa raina? Ba kunya ba, ba godiya ba. Cewa na yi, "Wato kun haɗa baki ke nan, kai da ita? Kuna kallona kuna dariya?" Kin ga halin nawa, ko a wannan lokacin.

Sai a nan ya juyo, na ga idonsa ya kaɗa. Ya ce, "Ina ma haka ne. Ba ta san na sani ba. Na san ba barci take yi ba, yarinyar da ko a jirgi ba ta runtsawa. In na tambaye ta, dole ta zaɓa tsakanin tona uwarta da sake yi min ƙarya. Shi ya sa na bar ta ta koma baya. Kin ɗauka ban ji zafi ba? Kullum sai na kai hannu zan rage rediyo in gaya mata wani abu, sai in ga jaka."

Na yi kuka a gaban masu lodi, ban damu ba. Ashe duk shekarun nan ku biyu kuna riƙe da abu ɗaya, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa, don kada ni in ji kunya. Ni da nake ganin kun ware ni, ashe ni ce zaune a tsakiyarku, na raba ku.

Na roƙi gafararsa, ya yafe, har ya tsokane ni wai in biya shi kek ɗinsa. Saura ke. Ki yafe min girarki, ki yafe min muhawararki, ki yafe min ƙaryar da na ɗora miki kina 'yar shekara goma sha biyar. Na sauke miki ita yau. Ba sauran abin da za ki ɓoye.

Ga abin da nake roƙo. Ranar Asabar ba zan bi ku ba. Na ce masa ƙafata ke ciwo, ya san ƙarya ce, wannan karon ya yi dariya. Ki ɗauke jakar nan ki jefa ta baya, ki zauna a gaba. Ki bar abin kunnen a cikin akwati. In kun kai allon farko bayan iyaka, ki karanta masa abin da ya nuna da ƙarfi, kamar da. Sauran maganar za ta zo da kanta. Ni da na yi shekaru ina tsine wa cunkoso, yau ina roƙon Allah ya cushe muku hanya tun daga gadar Garhud nan kusa da gida, lafiya lau ba tare da ko ƙwarzane ba, ya ƙara muku awa guda.

Ba zan ce miki na warke ba. Zan tsaya a taga, kuma in na ga kin rufe ƙofar gaba zai yi min ciwo kamar kullum. Amma wannan ciwon nawa ne, ni zan riƙe kayana. Abu ɗaya kawai: in kin sauka kin huta, ki kira ni ki faɗa min abin da ya ba ku dariya. Ko ban gane ba, zan yi dariyar.

Allah ya tsare gabanki da bayanki, damanki da hagunki. Ya haskaka miki duk hazon da za ki shiga, ya ba ki idon ganin gargaɗi da zuciyar bin sa. Ya haɗa ki da abokai na gari, ya dawo mana da ke lafiya. Na sa miki yaji da kuka a aljihun gefen akwati, kada su zube a kan littattafanki.

Na duba hagu da dama, ba kowa a ɗakin sai ni da firij, shi ma na daina jin kunyarsa.

Nusaiba.

Nusaiba, Nusaiba. Ashe haka yake da daɗi. Ki sauka lafiya.

Ummanki,
Sa'adatu